Duk inda na zauna sai an yi dariya: ta ina zan fara mayar da abin sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 23, a Tudun Wada nake a nan Kaduna, na gama difloma a aikin jarida. Tun ina ƙarama duk inda na zauna sai an yi dariya, ƙawayena kullum cewa suke ina ɓata baiwata. Burina uku ne: in zama 'yar wasan barkwanci, in riƙa gabatar da shiri a talabijin, daga baya kuma in rubuta littattafan ban dariya. Wanne ya kamata in fara? Ana ci da wannan sana'a kuwa? Sannan Babana bai so, yana cewa mace mai ba da dariya ƙimarta zubewa take yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki jefa ƙafa. Na yi shekara 27 ina shirya wasannin kwaikwayo da shirye-shiryen mata a gidan talabijin a garin nan kafin in ajiye aiki, kuma 'yan mata masu irin burinki da suka bi ta hannuna suna da yawa. Bari in ba ki amsar tun daga farko, bayani ya biyo baya: ki fara da rubutu. Na ga shi kika ajiye a ƙarshe, kamar abin da za a yi idan an tsufa an huta. A wurina shi ne gindin sauran biyun, kuma shi kaɗai ne ba wanda zai iya korar ki daga cikinsa.

Dariyar da ƙawayenki ke yi gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma ki sani rabinta ba taki ba ce, tasu ce. Sun san ki, sun san malamar da kike kwaikwayo, sun san abin da ya faru a bikin da kike ba da labarinsa. Kafin ki buɗe baki sun riga sun shirya wa dariya. Wanda zai kunna talabijin a Rigasa ko Zariya ko Maraɗi bai san ki ba, bai san malamarku ba, mai yiwuwa ma ya dawo daga kasuwa ne a gajiye da bashi a wuyansa. Ba ya bin ki dariya, ke ma ba kya bin sa.

Na taɓa kiran gwaji don neman wadda za ta fito a dillaliya. Wata yarinya ta zo, tun a bencin jira ta sa kowa riƙe ciki, har masu gadi suka matso. Na ce a raina an gama, ga wadda muke nema. Da aka kunna fitilu aka ce ta fara, sai komai ya tsaya mata cak. Ba tsoro ba ne kaɗai. A bencin jira mutane ne ke miƙo mata magana tana mayarwa, a gaban kyamara kuwa babu mai miƙo mata komai, kuma ba ta zo da komai a hannu ba. Wadda muka ɗauka a ƙarshe wata shiru-shiru ce mai koyarwa a firamare, ta zo da takarda biyu da ta rubuta da hannunta. Ta yi shekaru tana wannan fitowa.

To me za ki rubuta? Abin da kunnenki ya ji. Ki sayi ƙaramin littafi ki jefa a jaka. Kina Tudun Wada, Kasuwar Barci na bayan gidanku. Ki je ki tsaya wurin masu gwanjo da teloli ki saurari ciniki. Ki saurari mata a layin awo a asibiti, da 'yan biki lokacin rabon abinci, da fasinjoji a motar Kawo idan kwandasta ya ce babu canji. Kada ki rubuta "wata mata ta yi faɗa", ki rubuta ainihin kalmomin da suka fito daga bakinta, da yadda ta jera su. Nan arziƙin yake. Akwai wata Ba'amurkiya, Joan Rivers, wadda ta yi dukkan ukun nan da kike buri: ta yi wasa, ta gabatar da shirye-shirye, ta rubuta littattafai. Har ta rasu a 2014 tana da shekara 81 tana aiki. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, duk maganar ban dariyar da ta ƙirƙira sai an buga ta a ƙaramin kati an jera a durowa bisa jigo, har katunan suka kai dubun-dubata. A 1986 aka ba ta shirin dare nata na kanta a wata sabuwar tasha, bai kai shekara ba aka raba ta da shi. Tashar ta karɓe shirinta, amma durowar tana gidanta, da ita ta sake tashi, har ta ci babbar lambar yabo ta talabijin a 1990 da wani shirin na rana.

Bari in nuna miki yadda ake gina abin, don kada ki ɗauka saukowa yake daga sama. Dillaliya ta kawo atamfa, ta ce wa mai saye, "Wallahi sau ɗaya aka ɗaura ta." Mai saye ta juya zanen ta ce, "Ga shi duk ta koɗe." Dillaliya ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ɗaurin ne ya daɗe." Ki duba abu uku a nan. Kalmar da ke kawo dariya ita ce ta ƙarshe, ba a ƙara komai bayanta. Idan kika ce "ɗaurin ne ya daɗe, shi ya sa kika ga ta koɗe", kin kashe ta. Sannan shirun nan da ta yi kafin ta amsa, shi ma rubutu ne, numfashi ɗaya, ba biyu ba. Na uku kuma shi ne mafi wuya ga sababbi: dillaliyar ba ta san tana ba da dariya ba. Ita cinikinta take nema da gaske, kuɗin cefane take hange. Da zarar 'yar wasa ta murmusa ko ta kalli kyamara don a san wasa take, an gama. Yawancin abin da nake gani yanzu a waya, zare ido ne da murguɗa baki da ihu da faɗuwa ƙasa. Yana sa dariya sau ɗaya. Ba ya sa a sake nema.

Game da maganar Babanki, zan dawo kanta, amma akwai abin da nake so ki riƙe tun yanzu. Ban dariyar mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, ba talabijin ce ta kawo shi ba. A wasan gauta, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, yana zaune yana kallo, ya ga tafiyarsa da maganarsa a jikin wata, ya gane abin da ba wanda zai iya gaya masa baki da baki. A tashe, daga goma ga azumi, 'yan mata na bi gida-gida suna kwaikwayon zaman miji da mata. A kiɗan amada, ki tuna marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013: rabin abin da ya sa mata ke son ta habaici ne da ba'a da faɗin abin da ke cikin ɗaki ba tare da tsoro ba. Ga wasan kaka da jika, ga na taubasai. Kuma tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a bakin wa muka ji ta in ba a bakin iyayenmu mata ba? Abin da ya canza kawai, da a tsakar gida ake yi, tsakanin waɗanda suka san juna, yanzu kuwa duniya ce ke kallo. Tsoron Babanki daga nan ya taso, kuma ba tsoron banza ba ne.

Garin nan da kike ciki shi ne mahaifar wannan sana'a a Arewa. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, kafin a haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977. A nan marigayi Usman Baba Pategi ya yi Samanja, da Hausarsa ta bariki da ya ɗebo daga aikin soja da ya yi da gaske. A nan marigayi Ƙasimu Yero ya yi Karambana. Yero ya rasu a 2017, Pategi a 2023, har yau ana ambaton su. Yanzu ki tambayi duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya lissafo miki matan da suka fito a ciki da sunayensu na gaskiya. Za ki ga ya yi shiru. Ba don ba su iya ba, wasunsu sun fi mazan iya ajiye magana. Dalili shi ne wasan ba nasu ba ne. An gina shi a kan namiji, mace ta shigo a matar gida ko maƙwabciya, ta yi fitowarta, a sallame ta.

Da finafinan bidiyo suka zo, aka samu ɓangaren barkwanci da 'yan fim ke kira camama, wanda marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya zama sarkinsa har rasuwarsa a Disambar 2014. Nan ma haka ne: mace ita ce wadda ake tsokana, ko masifaffiyar da ke bin miji da muciya. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu cikin azumin 2024, ta nuna iya inda gwana za ta kai irin wannan fitowa, don takan sa ka ji haushi da dariya a lokaci guda. Amma wannan hanya tana da tarko. Idan kika yi fice a masifaffiya, furodusa ba zai sake kiran ki ba sai yana neman masifaffiya, kuma ranar da ya sami wata mai araha, wayarki ta daina ƙara. Wadda ke rubuta wa kanta ce kaɗai ke iya cewa bana ga sabuwar da zan fito a cikinta.

Akwai wata baiwar Allah da muka yi aiki tare shekaru masu yawa. Idan ta shiga kasuwa sai an taru, da sunan wasa ake kiran ta, har 'ya'yanta ma da sunan ake danganta su. Da ciwo ya kwantar da ita na je duba ta, na tarar kuɗin magani ya gagara. Ba ta mallaki ko minti ɗaya na abin da ta yi ba. Ana biyan ta ne fitowa-fitowa, a ba ta a ambulan, ta sa hannu. Da na koma neman kaset ɗin wasanninta ko za a haɗa wani abu a taimaka mata, sai na tarar an ɗora wasu shirye-shirye a kan yawancinsu, don a lokacin kaset tsada gare shi, gogewa ake yi a sake amfani da shi. Wannan abu har yau yana ci mini rai, kuma shi ya sa nake matsa wa kowace yarinya a kan mallaka.

Ki kwatanta da Lucille Ball, wata 'yar wasan barkwanci a Amurka. Da aka fara wasanta na talabijin a 1951, ita da mijinta suka yarda a rage musu albashi, bisa sharaɗin a ɗauki wasan a fim kuma ya zama mallakar kamfaninsu. Daga maimaita nuna shi suka yi arziƙi, kuma a 1962 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasannin talabijin a can. Ba sai mun je nesa ba ma. Funke Akindele ta daɗe tana fitowa a wasannin wasu, amma ba ta zama abin da ta zama ba sai da ta ƙirƙiri Jenifa a 2008, halitta tata, labari nata. Fim ɗin da ta fitar a ƙarshen 2023 shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura Naira biliyan 1 a gidajen sinima. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana tare da ke a nan: abin da kika ƙirƙira kika rubuta ko kika ɗauka naki ne tun daga ranar, sai in kin sa hannu kin sallama. Saboda haka kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kuma kada ki yi aiki da "za mu daidaita daga baya".

Gabatar da shiri kuwa, mutane na ɗauka ƙanwar barkwanci ce, alhali kusan kishiyarta ce. 'Yar barkwanci so take a kalle ta. Mai gabatarwa aikinta ta sa a kalli baƙonta. Na ga masu ban dariya da yawa sun faɗi a kan kujerar nan saboda ba sa iya jure shiru, baƙo na tsakiyar magana su kuma suna laluben inda za su jefa tasu. Wata rana mun gayyato wata tsohuwar ungozoma, ta fara ba da labarin wata haihuwa da ta karɓa da daddare cikin ruwan sama, muryarta ta fara rawa, duk sutudiyo ya yi tsit. Sai mai gabatarwar ta jefo wasa. An yi dariya, tsohuwar ma ta yi, amma ba ta koma kan labarin ba, kuma ba mu sake jin ƙarshensa ba. Ban dariya a wannan kujera gishiri ne: a farko don baƙo ya saki jiki, a tsakiya idan hira ta yi nauyi har ta gaji. Sauran aikin karatu ne kafin a shiga, da sauraro, da lissafin lokaci, kina magana furodusa na gaya miki a kunne saura minti biyu, fuskarki kuma ba ta nuna ba. Diflomarki za ta yi miki amfani a nan. Ki nemi shiga rediyo tukuna, ko da kyauta ne na 'yan watanni. Kaduna na da gidajen rediyo da yawa, na tarayya da na jiha da masu zaman kansu, kuma rediyo na koya wa mutum abin da talabijin ke ɓoyewa, don babu kwalliya babu fari da ido, murya ce da abin da ke cikin kai. Ki kuma lura da hanyar da Hadiza Gabon ta bi: bayan ta yi suna a fim, ta buɗe shirin hira nata a YouTube, ba ta jira wata tasha ta ba ta kujera ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji da kunnen basira, don a Kaduna kike. A Nuwambar 2002, jimla guda da wata matashiyar 'yar jarida ta rubuta a wata jarida ta Legas game da gasar sarauniyar kyau, tana ganin raha ce, ta taɓa martabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Garin nan ya kama da wuta, mutum fiye da 200 suka mutu. Ina nan, na ga hayaƙin, na san gidajen da aka yi zaman makoki. Ba ki da wayo lokacin, amma ki tambayi iyayenki. Duk mai son ba da dariya a garin da kogi ya raba, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe da Ibo, dole ya san cewa addini ba abin wasa ba ne, naka da na wani. Kwaikwayon Hausar wata ƙabila don a yi mata dariya shi ma ina ba ki shawara ki bar shi. Za ki ce ai muna da wasan Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. Haka ne, amma wannan wasa yana da ƙa'ida: ɓangare biyu ne suka gaje shi, kowa na da damar ramawa, kuma ido da ido ake yi. Bidiyon da kika saki ba ya ba kowa damar ramawa, kuma zai isa hannun wanda bai san da wata tsohuwar yarjejeniya ba. Masu mulki ma akwai hattara: a Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne da tara saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna. Ban ce kada a taɓa mai mulki ba, wasan gauta ma abin da yake yi ke nan. Na ce ki soki hali da aiki, kada ki ƙaga wa mutum laifin da ba za ki iya tabbatarwa ba. Ki yi wa rowa dariya, da ƙarya, da son a sani, da cin amana. Ki bar gurgu da mai ƙiba da baƙar fata da wadda ba ta haihu ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, har ta ware mata ta ambace su daban. Manzon Allah yana raha, amma ba ya faɗin sai gaskiya, kuma akwai hadisin da ya yi gargaɗi ga mai ƙarya don mutane su yi dariya. Malamai sun yi bayani a kan inda wasan kwaikwayo ya faɗa a wannan, ki zauna da malamin da gidanku ya yarda da shi ki ji daga bakinsa.

Ana ci da sana'ar? Ana ci, amma ba da wuri ba, kuma ba daga ƙofa ɗaya ba. Kuɗin fitowa a fim ga sabuwar fuska ba ya riƙe mutum, wani lokacin ma kuɗin mota ne kawai. A talabijin, sau da yawa mai shiri mai zaman kansa shi ke sayen lokaci a tasha, sannan ya bi kamfanoni neman masu ɗaukar nauyi, wato ke za ki biya kafin a biya ki. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da kallo mai yawa, kamar awa 4,000 cikin wata 12, sannan ya ba ki kashi 55 cikin 100 a kan dogon bidiyo, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai na Turai kuɗi ba. Abin da na ga yana riƙe mata a farkon tafiya shi ne jagorancin taron biki, kamu da walima da sauran shagulgulan mata, da sa murya a tallan rediyo, da tallata kayan 'yan kasuwa a shafinsu, da rubuta wa wasu labari. Taron biki ma makaranta ce babba, don nan za ki tsaya gaban mata ɗari uku da ba su san ki ba, rabinsu hankalinsu na kan abinci. Idan kika sami aiki da diflomarki, ki riƙe shi. Mai yunwa ba ta iya cewa a'a, kuma a wannan harka za ki buƙaci cewa a'a sau da yawa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗin rajista zai sa ki a fim, ko ya ce gwajin a ɗakin otal ne, ko ya ce ki zo ke kaɗai, ki toshe lambarsa. Wurin gwaji ko lokeshan na farko, ki tafi da yayanki ko innarki. Mai niyyar kirki ba zai ji haushi ba.

Littafin ban dariya kuwa, fili ne da yake kusan fayau. Matanmu sun yi rubutu sosai tun daga Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa har zuwa masu sakin labari a WhatsApp yau, amma mafi yawa soyayya ne da zaman aure da hawaye. Wadda za ta zauna ta rubuta littafi don a yi dariya tun daga bango har bango, da wuya ki same ta. Akwai dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti da jan wasali, rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna su. Gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuya na sarƙa, duk iri ɗaya suke a takarda. Wasan da murya ke yi da irin waɗannan, da gatse, da shaguɓen da ke cikin jan kalma, sukan mutu idan aka kwantar da su a shafi. Saboda haka a rubutu ba za ki dogara da murya ba, sai da hali da yanayi: wace ce wannan mata, me take so, me ya tare ta, wace ƙarya ta yi da dole ta ƙara wata a kanta. Abubakar Imam ya nuna tun shekarun 1930 cewa Hausa a takarda tana iya sa mutum dariya shi kaɗai a ɗaki. Kada ki fara da littafi. Ki fara da gajeren rubutu, shafi ɗaya ko biyu, duk mako, rana ɗaya da ba ta canzawa, a shafinki na Facebook ko a wata jaridar Hausa. Jaridar New Nigerian da aka kafa a garin nan a 1966 tana da wani shafin shaguɓe mai suna Candido, manyan ma'aikata na tsoron ranar fitowarsa, kuma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ba ya fashi. Bayan shekara kina da rubutu 50, ki zaɓi 20 mafi kyau, littafi ya samu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, wuri ne na gwada alƙalami, haka ma tarukan marubuta da bukukuwan littattafai da ake yi a Kaduna. Ki je, ki karanta naki a gaban mutane, ki lura da inda suka yi dariya da inda suka yi shiru, ki koma gida ki gyara.

Sai Baba. Kada ki yi masa gardama, kuma kada ki yi a ɓoye. Na ga yaran da suka fara a ɓoye, ranar da bidiyo ya isa wayar wani a masallacin unguwa, abin ya fi ƙarfin gyara. Shi ba dariyar yake ƙi ba, yana tsoron ranar da za a nuna shi a ce ga uban wance. Magana ba za ta cire masa wannan ba, sai abin da ya gani. Nan ma rubutu ya fi sauran sauƙin shiga gida: ba fuskarki a ciki, ba tafiyar dare, ba cuɗanya. Ki rubuta guda uku masu tsabta, ki fara karanta wa Mama, in ta yi dariya ki roƙe ta ta sa baki, ko ki nemi gwaggo ko kawun da yake jin maganarsa. Ki gaya masa iyakokin da kika ɗaura wa kanki kafin shi ya ɗaura miki: irin suturar da za ki fita da ita, lokacin dawowa, abin da ba za ki taɓa faɗa ba. Idan ya ga kamar wasa ne marar ilimi, ki ba shi labarin Helen Paul, 'yar barkwanci kuma mai gabatar da shiri, wadda ta kammala digirin dakta a fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Legas a 2019, kuma ki nuna masa cewa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya akwai sashe guda na wannan fanni. In ya yarda da rubutu da rediyo ya ce ban da fim, ki karɓa hannu bibbiyu, ki yi shekara biyu a haka yana ganin yadda kike riƙe kanki. Akwai kuma maganar aure, wadda ba ki tambaya ba amma tana tafe: da yawa daga 'yan fim mata suna ajiye fitowa idan sun yi aure, wasu da son ransu, wasu ba da shi ba. Duk wanda ya zo neman ki, ki gaya masa wannan buri tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a gaban shaidu idan da hali.

Wannan makon, ki je Kasuwar Barci sau biyu da littafinki. Ki zaɓi mace ɗaya daga cikin waɗanda kika saurara, ki canza mata suna da kama, ki rubuta mata fitowa ta minti uku inda take son wani abu da gaske kuma wani ya hana ta. Ki karanta wa mutum biyar da ba ƙawayenki ba, kada ki gaya musu na dariya ne. Ki sa alama a duk inda suka yi dariya da kansu, sauran ki soke, ki sake rubutawa. Idan kin yi haka sau huɗu, ki sake rubuto mini ki gaya mini layi nawa suka tsira daga na farkon.